Mota ta buge mai keke: wa ke da laifi, wa kuma zai biya?

Akwai wani dattijo a layinmu mai kai burodi shaguna a kan keke, ya fi shekara 20 yana wannan sana'ar, da asuba zai ɗaure ƙaton kwali a kariya ya fita, da yamma kuma ya sake zagayawa karɓar kuɗi. Bara waccan, ana idar da sallar magariba, mota ta buge shi a bakin wani gidan mai. Yadda abin ya faru kuwa, titin irin mai hannu biyu ne da aka gina wa shingen kankare a tsakiya, in zai bi ƙa'ida sai yayi tafiya mai nisa kafin ya samu wajen juyowa, sai yayi abinda kusan kowane mai keke a garin nan yake yi, ya bi gefen titi yana fuskantar motoci, wanwe dai, kuma keken ba fitila. Shi kuma mai motar ya sha mai zai hau titi, idonsa na hagu tunda ta nan motoci ke zuwa, yana ganin ya samu sarari ya taka totur bai waiwayi dama ba ko sau ɗaya. Ƙashin ƙwaurin Baba ya karye gida biyu, keken ya lanƙwashe, gilashin gaban motar ya tsage inda kafaɗarsa ta daka.

Kafin kace me jama'a sun taru, kuma nan take suka rabu gida biyu kamar yadda aka saba. Wasu na cewa ai babba shi ke da laifi, mota ce ta buge keke shikenan magana ta ƙare. Wasu kuma, yawancinsu direbobi da 'yan adaidaita, na cewa wanwe yayi, shi ya kawo kansa, ko sisi bai kamata a bashi ba, hasali ma shi ya kamata ya biya gilashi. Ana ta wannan musun mutum na kwance yana salati.

Mai motar mutumin kirki ne, wannan na shaida. Bai gudu ba, shi ya ɗauki Baba a motar ya kai shi asibiti, ya biya kuɗin hoto da na ɗaurin farko, ya dawo dubiya har sau uku da kayan marmari. Kwana 10 da faruwar abin manya suka zauna a zauren mai unguwa, ya kawo wasu kuɗi aka ce na magani ne da gyaran keke, ƙanen Baba ya karɓa yace mun yafe, tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, aka shafa fatiha aka watse kowa na sa albarka. Bayan wata biyu likita yace ƙashin bai haɗu daidai ba sai an yi aiki an sa ƙarfe. Wata 7 Baba bai hau keke ba, shagunan da yake kaiwa burodi wani ya gaje su, 'yarsa ta bar makaranta zango guda, kuma ba wanda ya iya komawa wajen mai motar domin an riga an ce an yafe.

Tun lokacin abin yake cina, kuma abinda na fahimta shine mu a bakin titi tambaya ɗaya muke yi, wa ke da laifi, alhali tambayoyi uku ne aka cusa cikin ɗaya. Wanda ya karya dokar hanya daban, wanda sakacinsa ya jawo haɗarin da kuma kaso nawa daban, sannan aljihun da kuɗin jinya zai fito shima daban. In ka amsa ta farko kana zaton ka gama da sauran, nan ake zaluntar wani, ko mai keken ko mai motar.

Ta farkon ita ce mafi sauƙi. Baba ya karya doka, ba shakka, keke abin hawa ne kuma dole ya bi hannun da motoci ke bi, dole ya sa fitila da dare. Mai motar ma ya karya, domin wanda zai hau titi daga gidan mai ko daga layi shi ke da nauyin tsayawa ya tabbatar hanya babu kowa, kuma babu kowa ɗin nan ba motoci kawai ake nufi ba, da mai tafiya a ƙasa ne ya biyo ta daman nan, wanda shi ba ruwansa da wanwe, haka zai buge shi. Wannan tambayar ta 'yan sanda ce, 'yan MTD, wato sashensu mai kula da haɗarin mota, su auna su zana taswirar wajen, in sun ga tuƙin ganganci su kai kotu. Amma mutane da yawa basu san cewa tarar da kotu za ta ci direba asusun gwamnati take shiga ba, ba hannun wanda aka karya ba. Alƙali na da ikon ya haɗa da umarnin a biya wanda aka jiwa rauni, amma asalin neman diyya ƙara ce mai zaman kanta.

Ta biyun ce mai wuya. Dokar da kotunan Najeriya ke bi a irin wannan ƙara gadon Ingila ce, kuma ginshiƙinta sakaci ne, wato wanda aka buge shi zai nuna cewa direban bai yi taka-tsantsan ɗin da direba mai hankali zai yi a wannan wajen a wannan lokacin ba, kuma rashin yin hakan ne ya jawo raunin. A da can a Ingila in aka samu ko ɗan ƙanƙanin sakaci a wajen wanda aka buge, ya tashi a tutar babu, wato daidai da ra'ayin direbobin nan da ke cewa ko sisi kar a ba Baba. Su kansu Turawan sun ga rashin adalcin abin suka canza dokar a 1945, mu ma nan aka bi sahu, yanzu kotu raba laifin take yi, tace wannan kashi kaza wancan kashi kaza, sai a rage wa mai rauni diyyarsa gwargwadon nasa kason.

Bari in buga misali da lissafi don a gane. A ce jinyar Baba da ribar burodin da ya rasa da keken duka sun kama naira 600,000, gyaran gilashi da bamba kuma naira 150,000. A ce an yanke cewa mai mota ke da kashi 70, Baba kashi 30. Mai mota zai biya kashi 70 na asarar Baba, 420,000 kenan, Baba kuma ana binsa kashi 30 na gyaran mota, 45,000, in ka cire saura 375,000 za su shiga hannun Baba. Toh juya lissafin ma, a ce Baba ne da kashi 70 mai mota 30, mai mota zai bada 180,000, Baba ya bada 105,000, har yanzu akwai 75,000 da za su koma wajen Baba. Kaga ko da mai keke ya fi laifi, sau da yawa shi ake bi bashi kaɗan kuma shi ke bin mai yawa, saboda asarar ba ɗaya bace, ɗaya ƙarfe da gilashi ya rasa ɗaya ƙafa.

Kuma akwai dalilin da yasa idan ana rabon nan ake ɗora wa mai mota kaso mai nauyi ko da duka biyun sun yi kuskure, ba wai don shi ke da kuɗi ba. Ƙaramar mota ta haura tan guda, keke da ƙyar ya kai kilo 20. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane daƙiƙa guda, kafin ido ya gani ƙafa ta bar totur ta koma birki an riga an shafe tsawon gida, in kuma ka ninka gudun, nisan da birki zai ɗauka kafin mota ta tsaya ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Wanda ya shigo da irin wannan abu cikin kasuwa da makarantu da 'yan talla, taka-tsantsan ɗin da ake nema a wajensa dole ya fi na mai feda. Kuskuren mai keke yawanci kansa yake ci, na mai mota wani yake ci. Sannan duk direban da ya shekara yana tuƙi a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san masu keke na yin wanwe a bakin titi, abin da ka san ana yi kullum bazaka ce ya zo maka bazata ba.

Amma dai ban yarda da maganar babba shi ke da laifi ba, kuma ba haka doka tace ba. Akwai mai keken da zai faɗo daga bayan tirela a tsakiyar babban titi ba sigina ba waiwaye, akwai yaran da ke kama bayan mota suna tafiya, akwai wanda danja ta tsayar da shi ya ratsa. Direban da ke kan hannunsa, gudunsa daidai, fitilunsa da birkinsa lafiya, ba waya a kunnensa, in irin wannan ta same shi a tsarin Najeriya ba a binsa komai, in ya taimaka don Allah ya taimaka. Kuma wannan ɗabi'ar ta taruwa a kan direba da duka da fasa gilashi ita ke sa ko mai tausayi ya take mota ya gudu, a bar mai rauni a kwalta ba wanda ya ɗauki lambar motar, mun huce haushi mun kuma kashe masa hanyar samun haƙƙinsa.

Abin da ke raba gardama a rabon laifi shaida ne, kuma shaidar haɗari mintuna kaɗan take rayuwa. Inda keken ya faɗi, inda motar ta tsaya, sawun taya, ɓangaren motar da ya lotsa, gaba ne ko gefe, ko akwai fitilar titi a wajen, duk wannan da an janye mota an ɗauke keke ya tafi. Yanzu kowa da waya a hannu, maimakon ɗaukar fuskar mai rauni ana yaɗawa a WhatsApp, a ɗauki titin da lambar motar da takardunta, a karɓi lambar mutum biyu da suka gani da idonsu, gidajen mai da yawa ma suna da kyamara. Rasit kuma, dan Allah rasit, na magani, na hoto, na gado, na adaidaitar da ke kai shi wankin ciwo, domin kuɗin da aka kashe a zahiri kotu da kamfanin inshora sai sun ga takarda suke yarda, raɗaɗi da nakasa ne kawai alƙali ke ƙiyastawa da kansa. Nan masu zuwa wajen mai ɗori suke cutuwa, ba ina kushe masu ɗorin gargajiya bane, amma basa bada rahoton likita, in ƙafa ta karkace daga baya ba abinda zaka nuna. In kuma direban ɗan aiki ne yana kan aikin maigidansa ko na kamfani, to maigidan ko kamfanin ma suna cikin waɗanda ake bi, ba yaron da albashinsa bai kai kuɗin ƙarfen ƙafa ba shi kaɗai.

Sai ta ukun, aljihun wa. Wallahi nan ne abin ya fi ƙona min rai. Kowace mota da ke kan titi a Najeriya doka ta wajabta mata inshorar da ke biyan wanda ta yiwa ɓarna, tun dokar 1945 ake da wannan wajibcin, ba sabon abu bane. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abinda za a iya biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, shi wannan na dukiya ne kawai, rai da rauni lissafinsu daban. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara kamen masu yawo ba ita. Kowa ya yi ta ƙorafin tsada, amma ka tambayi direba 10 amfanin takardar, 9 za su ce maka don ɗan sanda ne. Ba don ɗan sanda bane, don Baba ne. Wannan takardar da ke naɗe a cikin aljihun mota tare da lasin, alƙawari ne kamfani ya ɗauka cewa in motar nan ta karya wani bisa sakacin direbanta, kamfanin ne zai biya ba direban ba.

Matsalolinta sanannu ne. Wasu takardun jabu ne, an saye su a hannun 'yan kamasho a bakin ofishin lasin, ba kamfanin da ya san da su, ana iya dubawa a shafin NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa a intanet, da lambar mota a gane ta gaske ce ko a'a, kuma gara mutum ya duba yau kafin ranar ta zo. Kamfani kuma ba ya biya sai an sanar da shi da wuri, sai da rahoton 'yan sanda da na likita, kuma ba ya son direba ya je ya amsa laifi ya ƙulla sulhu shi kaɗai sannan ya kawo masa lissafi. Mu kuwa abu na farko da muke gudu shine zuwa caji ofis, kowa na cewa a kashe maganar a nan, kar a kai ga hukuma, kuma na san dalilin tsoron, motarka ta kwana can ba ƙaramin abu bane, amma ranar da aka kashe maganar a bakin titi ranar aka kashe kuɗin inshorar ma. Dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2025, har tanadi tayi na biyan wanda motar da ba inshora ko wadda ta gudu ta nakasa ko ta kashe, amma talakan da ke kan keke ba wanda ya taɓa gaya masa.

Ga abin da ya ban mamaki, da a Maraɗi ko Damagaram aka buge Baba, da lissafin ya canza gaba ɗaya, alhali yare ɗaya ne, keke ɗaya ne, wanwen ma iri ɗaya ake yi. Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke bin kundin inshora guda, na CIMA, wato ƙungiyar inshora ta wasu ƙasashen Afirka, wanda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, Kamaru da Chadi ma na ciki. Kundin ya ɗauko tunaninsa ne daga dokar da Faransa tayi a 1985 zamanin ministan shari'a Robert Badinter. Abinda yace shine duk wanda mota ta jiwa rauni a jiki, in dai ba shi ke tuƙa abin hawa mai inji ba, za a biya shi ba tare da an kafa masa hujja da nasa kuskuren ba, sai fa in da gangan ya nemi abin ya same shi. Mai keke da mai tafiya a ƙasa da fasinja duk sun shiga, mai babur bai shiga ba tunda shi ma inji yake tuƙawa. Kuskuren mai keke yana rage masa kuɗin keken da kayan da ya ɗauko, amma ba ya taɓa kuɗin ƙafarsa. Abin da aka bayar a madadin wannan sauƙin shine an ƙayyade diyyar, akwai jadawali da aka ɗaure da mafi ƙarancin albashin ƙasar, bazaka samu maƙudan kuɗi ba amma ba sai ka shekara kana tabbatar da laifin direba ba. Can ma dai sai motar na da inshora kuma jami'ai sun rubuta rahoto, in aka kashe maganar a bakin titi duk ɗaya ne.

Holan, ƙasar da aka sani da kekuna, tsaka-tsaki ta bi. Mai mota ne ke ɗauke da alhaki sai in ya nuna abin ya fi ƙarfinsa kwata-kwata, in mai keken babba ne kuma yayi kuskure, duk da haka akalla rabin asararsa za a biya, in yaro ne ƙasa da shekara 14 duka za a biya. Su hujjarsu yaro ba ya iya auna gudun mota yadda babba ke yi, kuma duk wanda ya ga 'yan firamare da Islamiyya a kan keke a titunanmu ya san gaskiya ne. Ni a ganina tsarin Nijar ya fi dacewa da mu, saboda mai keken Najeriya ba shi da kuɗin lauya balle juriyar shekarun kotu, duk tsarin da yace sai ya tabbatar da laifi kafin a biya shi, a aikace ya ce ba za a biya shi ba kenan.

Wani zai ce mu musulmi ne, ƙaddara ce, me ya kawo maganar diyya. Toh ai shari'ar ce ta fi kowa tsanani a nan. Littafin Risala da muke karantawa a zaure ya faɗa ƙarara cewa mai kora dabba da mai janta da mai hawanta duk suna lamunin abinda ta taka, malamai kuma sun yi dogon bayani kan mahaya biyu da suka yi karo tun kafin a san mota. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi da ta zauna a Burunai a 1993 ta ɗora haɗarin mota a kan waɗannan ƙa'idojin, tace bin dokar hanya wajibi ne, direba na lamunin abinda ya ɓata na jiki ko dukiya, ba ya kuɓuta sai in abin ya fi ƙarfinsa, ko aikin wanda aka buge ne ya yi tasiri mai ƙarfi wajen jawo abin, ko laifin wani ne na uku, in kuma su biyun sun yi tarayya kowa ya ɗauki nasa. Kaga kusan rabon da muka yi a sama ne. Kisan kuskure kuwa aya ta 92 a suratun Nisa'i ta gama magana, diyya ga iyalan mamaci da kaffara a kan wanda yayi, azumin wata biyu a jere a yanzu da babu bawan 'yantawa. Ayar bata ce don kuskure ne ba komai ba, kuskuren ne ma aka sa wa diyyar.

Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce ko dinari 1,000 na zinare, kimanin kilo 4 da kwata, a kuɗin yanzu ɗaruruwan miliyoyin naira, ƙafa guda in ta tafi rabin haka, yatsa raƙumi 10, haƙori 5, abinda ba a ƙayyade ba alƙali ya ƙiyasta. Ba direban da zai iya wannan, kuma shari'a ta sani, shi yasa a kuskure bata ɗora masa shi kaɗai ba, danginsa ta wajen uba ake raba wa, su ake kira aƙila, a mazhabar Malikiyya in abin ya kai sulusin diyya su ke ɗauka, cikakkiyar kuma a shekara 3 ake biya. Wato tun asali an gane cewa wanda ya jawo abu daban, aljihun da zai biya daban, a tara kaɗan-kaɗan daga mutane da yawa don kar mai rauni ya tashi a banza kuma kar mai kuskure ya talauce. Yau dangi sun watse, ba wanda zai tara ma raƙuma, abinda ya rage mai kama da wannan shine asusun da masu motoci ke zubawa, wanda kuma zuciyarsa bata kwanta da inshorar da aka saba ba akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi da ke yin ta mota.

Akwai wata ƙa'ida a Risalar da na so a ce manyan da suka zauna a zauren mai unguwa sun tuna, ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Dalilin a fili yake, ranar 10 ba wanda ya san ko ƙafar za ta haɗu ko za a sa ƙarfe ko za a yanke ta. Mu kuwa sai mu yi sulhu mutum na kan gado yana jin kunyar wanda ya kawo masa lemo da ayaba. Yafiya abu ne mai girma, ayar da kanta ta buɗe ƙofarta, amma mai haƙƙi ne ke yafewa, bayan ya san girman abinda yake yafewa, ba ƙanensa ba, ba kuma don ana kallonsa za a ce ya cika son kuɗi ba. In rai aka rasa abin ya fi haka nauyi, diyya gado ce ana rabata kamar sauran dukiyar mamaci, matar na da kaso marayu na da kaso, kawu ko baffa ba shi da ikon ya tashi a zaman makoki yace mun yafe a madadin yaran da basu balaga ba. Sau nawa muka ji an faɗi haka ana yabon dattakon mutum, bayan wata 6 yaran na yawon talla.

Sulhu ba laifi bane, ni ma shi na fi so a kan kotu, mutanen unguwa ɗaya ne za su ci gaba da haɗuwa a masallaci. Abinda nake cewa a yi shi hawa biyu. Na farko a rubuta cewa mai mota ya ɗauki jinya, an sanar da 'yan sanda, an sanar da kamfanin inshora, kowa ya sa hannu. Na biyu sai likita ya sallami mutum sannan a zauna a lissafa abinda aka kashe da watannin da bai yi aiki ba da abinda ya rage a jikinsa, a faɗi gaskiya kan kason kowa, a gaya wa mai keke a gaban jama'a cewa wanwe da rashin fitila sun ci masa kaza, in bayan ya ji adadin yace ya yafe rabi ko duka, wannan ita ce yafiyar da za a sa masa albarka a kai. Kuma kar a ja abin da yawa, ƙarar neman diyya tana da wa'adi a dokar kowace jiha, in ya wuce ko kana da gaskiya kotu bazata saurare ka ba.

Kwanaki na haɗu da mai motar a wajen ɗaurin aure, muka keɓe na tambaye shi ko yana da inshora lokacin. Yace yana da ita mana, shi da kansa ya je ofishin kamfanin ya biya, bai yarda da 'yan kamasho ba. Nace toh ka sanar da su? Ya dube ni yace sanar da su me, ai su ba ruwansu da keke. Kuɗin da ya kai zauren mai unguwa rance ya ci a wajen aiki, wata 5 ana cira a albashinsa. Baba ya koma kai burodi, shaguna 6 suka rage masa cikin waɗanda yake da su da, yana ɗingishi in ya sauka, ya ɗaura 'yar tocila a kan keken da roba, kuma har yanzu ta bakin gidan man nan yake bi don wajen juyowar bai matso ba.